Darasi Ga Hakimai Da Malamansu: Aladen Daji Da Arzikin Da Ke Cikin Ƙasa

Ya ku Hakimai da malaman Hakimai na ƙasar Gwandu da ta Argungu, an rubuta wannan 'yar takarda domin ku karanta, ku kuma karantar da dagatai da masu unguwa in kun fita rangadi. Maganar da ke cikinta maganar ƙasar noma ce, amma za mu shige ta ta wata ƙofa da ba a saba ba, watau ta labarin aladen daji na ƙasashen ƙetare.

Wataƙila wani ya ce, "To, ina ruwanmu da alade? Ba mu cinsa, ba mu kiwonsa." Gaskiya ne, amma a daure a kai ƙarshen takardar. Ɓarnar da wannan dabba ta ke yi wa ƙasa a can, irinta ce a ke yi wa fadamar Gulbin Rima a nan, sai dai mai yin ne ya bambanta. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA KE SA ƘASA TA YI BAƘI

Kowane manomi ya san bambancin baƙar ƙasa da fara. Ya san ƙasar gindin gawo, da ta tsohon masussuki, da ta wurin da shanu suka kwana, sun fi jigawar da aka daɗe ana nomawa ƙarfi. Abin da ke kawo wannan baƙi shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi, waɗanda suka narke suka gauraya da ƙasa shekara da shekaru. Kimanin rabin nauyin wannan ruɓaɓɓen abu wani sinadari ne da masana su ke kira kabon. Kabon ba baƙon abu ba ne gare mu, gama shi ne jikin gawayi. In an ƙone itace ya bar gawayi, to kabon ɗinsa ke nan ya bayyana.

Tsiro daga iska ya ke samun kabon. Ganye ya kan sha wata iska da a ke kira iskar kabon, ya gina kara da saiwa da hatsi da ita. In tsiron ya mutu ya ruɓe, wani kashi ya koma iska, wani kashi ya zauna cikin ƙasa. Wannan da ya zauna shi ne arzikin gona. Shi ke riƙe ruwa in an yi fari, shi ke riƙe taki kada ruwa ya wanke shi, shi ke haɗa ƙwayoyin ƙasa su zama dunƙule-dunƙule. Masana sun ƙiyasta kabon da ke cikin ƙasar duniya, daga sama zuwa zurfin mita biyu, ya kai tan biliyan 2,400, watau kusan ninki uku na wanda ke cikin iska duka.

YADDA ARZIKIN KE TSEREWA

A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske. Abincinsu shi ne wannan ruɓaɓɓen abu, in sun ci kuwa su kan fitar da iskar kabon kamar yadda mu ke fitarwa da numfashi. Muddin ƙasa tana rufe da ciyawa, ba a tone ta ba, cinsu kaɗan-kaɗan ne, gama iska ba ta isa gare su sosai, abincin kuma yana kulle cikin dunƙulen ƙasa.

A dubi garwashin da matar gida ta rufe da toka da dare. Ya kan kwana da ransa har safiya. In kuwa aka tone shi aka fifita, nan da nan sai ya cinye ya zama toka. Haka ƙasa ta ke. In an birkice ta, dunƙulen ya farfashe, iska ta shiga, rana ta doke ta, sai ƙananan halittun nan su ci abin da ya kamata ya daɗe cikin ɗan lokaci kaɗan. Kabon ya tashi sama, gona ta yi fari.

Hasarar biyu ce. Ta farko ta manomi ce, gama gonarsa ta rage ƙarfi. Ta biyu ta duniya ce baki ɗaya, domin iskar kabon in ta yi yawa a sama sai ta zama kamar bargo, ta tare zafin da ya kamata ya fita. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iska, kashi 280 ne iskar kabon. Yanzu ta haura 420, zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya. Ba za a ɗora wa wannan kowane fari da kowace ambaliya ba, amma masana sun tabbatar ƙarin zafi yana ƙara yawan mamakon ruwa mai ɓarna. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafar Jihar Kebbi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

LABARIN ALADEN DAJI

Asalin aladen daji dabbar Turai ce da Asiya da arewacin Afirka. Daga jinsinsa aka sami aladen gida. Da Turawa suka shiga yawon teku, sai suka riƙa ɗaukar aladu cikin jiragensu domin guzuri. A shekarar 1539 wani jagoran Sifaniyawa, Hernando de Soto, ya sauka da su a Fulorida ta ƙasar Amurka. A 1788 jiragen Ingilishi na farko suka kai su Ostareliya. Waɗansu suka kuɓuce, waɗansu aka sake su su yi kiwo da kansu, suka shiga daji suka zama namun daji. Alade kuwa dabba ce mai saurin haihuwa. Mace ta kan haifi 'ya'ya biyar ko shida ko fiye a ciki ɗaya, wani lokaci sau biyu a shekara. Ga shi kuma a Ostareliya babu zaki, babu kura. A Amurka kaɗai an ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 6.

Alade da hanci ya ke neman abinci. Ya kan kafa shi cikin ƙasa ya ture, yana neman saiwa da tsutsa, ya fi kuma son wuri mai danshi, bakin rafi da fadama, inda ƙasa ta fi baƙi. Garke ɗaya in ya kwana a fili, da safe sai ka ce an bi da garma.

A shekarar 2021 waɗansu masana daga Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya da Jami'ar Kantabari ta Niyu Zilan, da Dokta Christopher O'Bryan a gaba, suka buga wani bincike a kan wannan. Suka haɗa taswirar wuraren da aladen su ke da taswirar kabon da ke cikin ƙasa, suka sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau 10,000. Abin da suka samu shi ne, a ƙasashen da aladen ya je baƙunci, yana tone ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 36,000 zuwa 124,000. Domin a gane girman abin, ƙaramin adadin nan ya yi kusan daidai da faɗin Jihar Kebbi duka, babban kuwa ya ninka ta fiye da sau uku. Iskar kabon da ke tashi daga wannan tono sun ƙiyasta ta tan miliyan 4.9 a shekara, watau kamar hayaƙin motoci miliyan 1.1. Fiye da rabinta daga Ostareliya ne da tsibiran da ke kewaye da ita.

A lura, wannan ƙiyasi ne na tsakiya, masu binciken da kansu sun ce yana iya yin ƙasa ko sama da nisa. A kuma lura, man fetur da kwal da gas da siminti su kan fitar da wajen tan biliyan 37 a shekara. In aka gwada da wannan, na alade bai kai kashi ɗaya cikin dubu bakwai ba. Saboda haka amfanin binciken gare mu shi ne abin da ya nuna a fili: tonon ƙasa kawai, ba wuta, ba inji, ya isa ya kori arzikinta zuwa sama.

GADU BA BAƘO BA NE

Kada a haɗa wannan alade da gadun dajinmu, wanda a ke kira mugun dawa. Gadu ɗan asalin Afirka ne, ana samunsa a gandun dajin Kainji da na Yankari. Yawancin abincinsa ciyawa ce, ya kan durƙusa bisa gwiwoyinsa ya ci, sai da rani ya kan tone saiwa. Tun fil'azal ya ke zaune da ciyawar ƙasar nan da namun da ke cinsa, kuma farauta da sharar daji sun rage shi ƙwarai. Ba ya cikin lissafin masanan nan, ba kuma a ce a bi shi a kashe ba. In ya yi ɓarna a gona, a kai ƙara wurin malamin daji. Wutar da mafarauta su ke cinna wa daji domin su kore shi ta fi shi ɓarna nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya dai ya kamata a kiyaye. Aladen dajin Ostareliya da na Amurka, yawancinsu jikokin aladen gida ne da aka saki. Saboda haka duk inda a ke kiwon alade, kamar waɗansu garuruwan kudancin jihar nan, wajibi ne a tsare shi cikin shinge. Rigakafi ya fi magani.

TO, MU FA?

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masana sun ƙiyasta tun da ɗan Adam ya fara noma da kiwo, ƙasar duniya ta yi hasarar kabon fiye da tan biliyan 100. Ba alade ya yi wannan ba.

Ƙasar tudu ta Arewa ba ta da kabon mai yawa tun asali. A yawancin gonakin jigawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, gama zafi yana cinye shi da sauri. Taskarmu ita ce fadama, wadda ta miƙe daga Augie ta bi ta Argungu da Gulma, ta Zauro da Ambursa, ta Birnin Kebbi, har Bunza. A da, gulbi ya kan cika kowace damina ya shimfiɗa sabuwar laka. Ciyawar burgu da roba su yi saiwa mai yawa, ruwa ya kwanta watanni ya hana ruɓa yin sauri. Da haka baƙar ƙasar nan ta taru.

Yanzu al'amari ya sake. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978, da ta Goronyo a 1984, sun canja yadda ruwa ke zuwa fadama. Injin ban ruwa ya sa ana noma damina da rani a gona ɗaya. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu. Noma ya bunƙasa, talakawa sun samu, wannan abin godiya ne. Amma ga abin da ya biyo baya a wurare da yawa: tarakta ta bi gona sau biyu ko uku kafin kowace shuka, ana gama girbi a cinna wa tattakar shinkafa wuta domin a yi saurin sake shuka, an nome ciyawa har bakin gaɓa, gona ba ta hutawa, takin zamani kaɗai a ke zubawa. Takin zamani kuwa tsiro ya ke ciyarwa, ba ya mayar wa ƙasa baƙinta. Manomin da ya ce da, buhu biyu na taki ya ishe shi, yanzu sai huɗu, ya faɗi labarin nan ke nan ba tare da ya sani ba.

LISSAFI DOMIN MALAMAI

Ga misali, domin malaman Hakimai su gwada da alƙalaminsu. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce. Ƙasar samanta, zurfin taƙi ɗaya, watau santimita 20, nauyinta ya kai wajen tan 2,800. A ce kabon da ke cikinta kashi ɗaya ne cikin ɗari. Tan 28 ke nan. A ce yawan birkita da ƙuna sun cinye ushirinsa cikin 'yan shekaru. Tan 2.8 ke nan. Kowane tan ɗaya na kabon in ya haɗu da iska ya kan zama tan 3.67 na iskar kabon. Saboda haka hektar nan ta fitar da wajen tan 10, watau fiye da hayaƙin mota biyu na shekara guda bisa ma'aunin masanan can. Sai malami ya ninka wannan da yawan hektocin fadamar gundumarsa, ya ga inda lissafi zai kai shi. Ya kuma tuna, abin da aka ɓatar cikin shekara biyar ya kan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo.

GWAJIN DA ZA A YI GABAN JAMA'A

Talaka ya fi yarda da abin da idonsa ya gani. A samo busasshen dunƙulen ƙasa biyu, ɗaya daga ƙarƙashin ciyawar da ba a taɓa nomewa ba, ɗaya daga gonar kusa da ita wadda a ke yawan bi da tarakta ana ƙonewa. A cika kwano biyu da ruwa mai tsabta, a sa kowane dunƙule cikin nasa a hankali. Yawanci na gonar zai narke nan take, ruwan ya yi duhu, na ciyawar kuwa ya daɗe bai watse ba. Sai Hakimi ya tambayi dattawa, wace ƙasa ce cikin biyun nan za ta tsaya in gulbi ya kawo?

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Ko da ya ke tun Dokar Filaye ta 1978 ikon ƙasa yana hannun Gwamna da ƙananan hukumomi, har yau maganar Hakimi talakawa su ke ji. Ana roƙonku ku yi gargaɗi a kan waɗannan abubuwa:

1. A daina ƙone tattakar shinkafa da kara. A ba dabbobi su ci a mayar da kashinsu gona, ko a tara a rami da buntu da toka a yi taki. Kada a binne ɗanyar tattaka ana gab da sakin ruwa, gama in ta ruɓe ƙarƙashin ruwa ta kan fitar da wata iska mai suna metan, irin kumfar nan da ke tasowa in an taka tabon tafki, ita kuwa ta fi iskar kabon riƙe zafi.

2. A rage yawan bin gona da tarakta. Inda sau ɗaya ya isa, kada a yi biyu. Akwai sauƙin kuɗin haya da na mai a ciki.

3. A bar ciyawa a bakin gulbi da bakin tafki, a dasa jema ko gamba a kan iyakokin gonaki.

4. A sasanta manoma da makiyaya a kan lokacin sakin gona, kada a nome burtali. Shanun da suka kwana a gona bayan girbi sun biya kuɗin abin da suka ci.

5. A riƙa sauya shuka. Wake da gyaɗa su kan ƙara wa ƙasa ƙarfi.

6. Masu shinkafar rani su nemi malamin gona ya nuna masu yadda a ke barin ruwa ya janye 'yan kwanaki kafin a sake ba da wani, ban da lokacin fitar kai. Wannan yana rage metan, yana kuma rage man inji.

7. A gonakin tudu, kada a sare gawo, kada a tumɓuke kututturen da ke tohuwa. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara renon irin wannan toho, suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta da wannan dabara ƙasar Nijar ta mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba.

8. A hana cinna wa daji wuta domin farauta.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Ya kamata kowane malami ya buɗe littafi na musamman domin ƙasa. Ya rubuta sunan kowace fadama da ke gundumar, da ranar da ruwa ya shige ta da ranar da ya janye, da sau nawa aka nome ta a shekara, da inda aka ga wuta, da inda gaɓa ta zabtare, da buhu nawa aka samu a eka. Ya karɓi labarin daga dagatai da Sarakunan Noma, ya rubuta abin da aka gani kawai, ba ƙari ba ragi. A 2021 Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi, a wannan shekara kuma ta yi alkawari a taron Gilasgo cewa zuwa 2060 iskar da ta ke fitarwa ba za ta wuce wadda ta ke mayarwa ba. Ma'aikatan da za su zo aunawa, littafin nan zai zama jagoransu, ya kuma zama hujjar Hakimi in ya je neman taimako ga mutanensa.

TAMBAYOYI

1. Me ke sa ƙasa ta yi baƙi, mene ne kuma amfaninsa ga manomi?
2. Yaya tonon ƙasa ya ke kama da tonon garwashi?
3. Mene ne bambancin gadu da aladen dajin Ostareliya?
4. Fadama mai hekta 500, in kowace hekta ta yi hasarar tan 2.8 na kabon, tan nawa na iskar kabon ta fitar?
5. Cikin gargaɗi takwas ɗin nan, wanne ya fi wuyar karɓuwa a gundumarka, don me?

Alade dabba ce, bai san abin da ya ke yi ba. Mu kuwa an ba mu hankali, fadamar nan kuma gadonta muka yi da ƙarfinta. Ana fata kowane Hakimi zai tara dagatansa kafin girbi mai zuwa ya karanta masu wannan takarda, a yi gwajin kwano biyu a gabansu. Allah ya ba mu damina mai albarka.